Yayanmu na son a sayar da rumfar masar Innarmu, ni kuma ji nake kamar za a sake binne ta

Wannan saƙon ya shigo min ta WhatsApp daga wata baiwar Allah a cikin garin Bauchi, na ɗan taƙaita shi kuma na cire duk abin da zai sa a gane gidan:

"Assalamu alaikum Anti. Innarmu ta rasu wata biyar kenan. Babanmu ya riga ta tun muna ƙanana, da sana'ar masa ta riƙe mu mu biyar, maza biyu mata uku, sama da shekara talatin tana gaban tanda. A ƙofar gida ta fara har Allah ya sa ta sayi rumfa da kuɗinta, da injin markaɗe da firiza, ga mata huɗu da ke taya ta aiki. Ni ce ta uku, tun da aurena ya mutu na dawo gida, shekara tara kenan muna yi tare, kuma bayan rasuwarta na ci gaba da buɗewa. Yanzu babban yayanmu ya ce a sayar da komai a raba gado, wai yana da buƙatar kuɗi. Anti wallahi ji nake kamar za a sake binne ta. Shi bai taɓa hura wutar murhun nan ba amma da kuɗin masar ya yi karatu. Na daina ɗaga wayarsa. Ga littafin bashinta na gani cike da sunaye ban san yadda zan yi da shi ba. Kullum da asuba in na zo juya ƙullu sai kuka. Ki ba ni shawara dan Allah."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya sa wahalar da ta sha a kanku ta zame mata haske a kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinta.

Ban san Innarku ba amma wallahi na san irinta, duk wanda ya tashi a Bauchi ya san irinta. Matar da tun la'asar ta jiƙa shinkafar tuwo, ta dafa wata kaɗan ta haɗa, a kai inji a markaɗo, ta sa yis ta rufe bokiti da tire ta ɗora dutse a kai, sannan ta kwanta da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙullu ba ya jiran kowa, in zafi ya yi yawa ya tashi da wuri ya yi tsami, in sanyin hunturu ne kuma ya ƙi tashi sai an matsar da shi kusa da murhu. Ƙarfe uku da rabi na dare ta miƙe, kafin ladan ya kira assalatu ta riga ta sa ruwan kanwa ta ɗanɗana da ɗan yatsa, kabewar miyar taushe na kan wuta, tanda ta yi zafi. Ki tuna bayan hannunta, waɗannan ɗige-ɗigen baƙaƙe na fallatsin mai da ba sa gogewa, da idonta da ya saba yin ja saboda hayaƙin itace har ta daina lura, da yadda take juya masa a gurbi takwas ko goma sha biyu tana ba da canji tana yi wa yaro faɗa duk a lokaci ɗaya ba tare da ko ɗaya ta ƙone ba. Yau ko ina aka je a Arewa aka ce masar Bauchi kowa ya san ta, matafiyi mai zuwa Jos ko Gombe ko Kano sai ya tsaya an cika mishi kula ya kai tsaraba, toh wannan sunan ba gwamnati ce ta yi wa garin ba, irin su Inna ne suka yi shi da gumin goshinsu, kuma yawancinsu ba a rubuta sunansu a ko ina ba. Kuma ki duba abin da ta haye a shekarunta na ƙarshe kawai, kullen korona a 2020, wahalar takardun naira a farkon 2023 lokacin da mai sayen masar ɗari biyu yake cewa sai dai taransifa, sannan cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar da ya sa kuɗin markaɗe da na mota da mudun shinkafa suka yi sama gaba ɗaya. Sana'o'i da yawa sun durƙushe a wannan tsakanin, tata ta tsaya har ta bar muku abin da ake maganar rabawa. Dole ki yi kuka, mace irin wannan ba a rasa ta a yi shiru.

Amma ƙanwata tunda shawara kika nema ba lallashi kaɗai ba, zan faɗa miki abin da na san ba za ki so ji ba. Yayanku bai yi laifi ba da ya nemi a raba gado. Haƙƙinsa ne, Allah ne ya ba shi da kansa a cikin Suratun Nisa'i, bai bar rabon a hannun malami ko sarki ko babban wa ba, kuma daga ranar da Inna ta cika, rumfar nan da injin da firizar da bokitan da kuɗin da ke cikin asusunta sun tashi daga nata sun koma na ku biyar. Ba a ce sai wanda ya hura wuta zai ci gado ba. Da ɗan da ya yi shekara ashirin a Legas bai leƙo ba da wanda ya yi jinya har ƙarshe, a wajen rabo kowa kasonsa yake ɗauka, ladan jinya da wahala kuma yana wajen Allah, kuma can ya fi tsoka. Na yarda da ke cewa da ya kamata ya zo miki da maganar a hankali, ya zaunar da ke ya tambaye ki yadda kike gani tunda ke ce a wurin, in bai yi haka ba ya yi kuskure a hanya, amma abin da ya nema ɗin halal ne.

Maganar da kika yi cewa da kuɗin masa ya yi karatu bai taɓa hura murhu ba, na daɗe ina juya ta a raina. Ki tambayi kanki, waye ya hana shi hura murhun? Ina kyautata zaton Inna ce. Irin waɗannan iyayen in yaro ya matso kusa da tanda da littafi a hannu korarsa suke yi, tashi ka tafi makaranta kar ka makara. Ta tsaya cikin hayaƙi ne da gangan don shi kar ya tsaya. Karatunsa yana cikin abin da ta gina, kamar yadda rumfar take ciki, kar ki mayar da abin da ta yi alfahari da shi ya zama abin gori a bakinki. Sannan kin tambaye shi wace buƙata ce ta taso mishi? Maza da yawa sai ruwa ya kai musu wuya suke buɗe baki, kuma ko sun buɗe ba sa faɗin duka, ƙila haya ce, ƙila kuɗin makarantar yara, ƙila bashi ne ya sha kansa ko rashin lafiya a gidansa da bai so ya ɗora muku a kan zaman makoki. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Kuma kin san Manzon Allah (SAW) ya hana musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku, balle wanda kuka fito ciki ɗaya kuka sha nono ɗaya. Wayar nan ki ɗaga ta.

Yanzu bari mu zo kan littafin bashin, don a wajena shi ne ya fi komai gaggawa, ya fi maganar rumfa, kuma na ga ke kin sa shi a ƙarshen saƙonki. Ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashin da ake bin mamaci, sannan wasiyya in ya bari, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne na magada. Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya mishi. Kinga kenan wata biyar ɗin nan da kuke ja-in-ja a kan rumfa, in akwai wanda ke bin Inna ko naira dubu biyu ne, ita ce ke jira.

Na san an yi sanarwa a wajen jana'iza ko ranar sadakar uku cewa duk mai bin ta bashi ya zo ya faɗa, amma mutanenmu da kunya, wani ba zai iya shigowa gidan makoki ya ce ina bin marigayiya kuɗin itace ba, gara ya haƙura a baki alhali bai haƙura a zuci ba. Ke za ki taka da ƙafarki. Ki je wajen mai shinkafarta, ko a Muda Lawal take ɗauka ko a Wunti ke kin sani, ki ce Baba na zo ne mu duba lissafi, akwai buhun da aka ɗauka ba a cika kuɗinsa ba? Ki je wajen mai man gyaɗa, mai itace ko gawayi, mahaucin da take karɓar ƙashi da nama a wajensa, mai gyaran inji. Matan nan huɗu ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya a keɓe ko akwai kuɗin aikinsu da bai fita ba, don wata za ta ji nauyin faɗa a gaban sauran. Sai babban abin da ake yawan mantawa, adashe. Mace mai sana'a irin Inna da wuya a ce ba ta cikin adashe, in ta riga ta kwasa akwai sauran zubi a kanta to wannan bashi ne, in kuma ba ta kwasa ba to abin da ta zuba dukiyarku ce ku karɓo. In ko ita ce uwar adashe, ko kuma akwai matan unguwa da ke kawo mata ajiya saboda sun yarda da ita, toh ƙanwata wannan kuɗin ba gado ba ne sam, amanar mutane ce, a ware shi tun kafin a fara ƙirga komai. Ki duba cikin akwatinta da ƙasan katifa da cikin kwallaye, irin su sukan ƙulle kuɗin kowa daban a leda ko a tsumma da wata alama da su kaɗai suka gane.

Ɗaya ɓangaren littafin kuma, na waɗanda ita take bi. Ki zauna da shi da rana tsaka lokacin da hankalinki ke kwance, ki kira babbar cikin masu taya ta aiki ta zauna kusa da ke, don ita za ta gane waye "mai shayi" waye "matar malam" waye "na bakin tasha". Za ki ga kala biyu. Akwai masu hali da suka yi odar masar biki ko suna suka ba da rabi suka yi shiru, waɗannan a bi su cikin mutunci a karɓa, kuɗin marayu ne ko da kun girma. Akwai kuma sunayen da za ki ga suna ta maimaituwa shekara da shekaru, ɗari uku yau ɗari biyar gobe, ba a taɓa soke ko ɗaya ba kuma ba ta daina ba su ba. Waɗannan Inna ba ta rubuta su don ta karɓa ba, ta rubuta ne don mai karɓar ya ji kamar ciniki ya yi ba bara ba, ya ɗauki ledarsa ya tafi da mutuncinsa. In kin kai kan irin wannan shafin za ki san uwarku fiye da yadda kika san ta tana raye. Sai dai ki kula, ke kaɗai ba ki da ikon yafe su duka, don kuɗin ya zama na ku biyar, kasonki kawai kike da iko da shi. Ki kai littafin gaban 'yan uwanki ki nuna musu, ki karanta musu ayar Suratul Baƙara ta 280 da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in kuma kun yi sadaka da shi ya fi muku alheri. Ina da yaƙinin ko yayan naku in ya ga rubutun hannun Inna a wannan shafin jikinsa zai yi sanyi.

Toh sai rumfa. A nan ina ga tsoro ne ya rufe miki ido har ba ki yi lissafi ba. Raba gado daban, sayar wa bare daban, ana iya yin na farko ba tare da an yi na biyu ba. Ku biyar ne, maza biyu mata uku, namiji yana da rabon mata biyu, kenan dukiyar za ta kasu kashi bakwai, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya. Wannan in babu mahaifiyar Inna ko mahaifinta a raye kenan, in akwai to kowannensu yana da ɗaya cikin shida kafin a zo kanku, shi ya sa lissafin ƙarshe dole malamin da ya san ilimin gado ko alƙali ya yi shi. Amma don ki gane, a ce bayan an biya bashi komai da komai ya kama naira miliyan 7, misali nake ba ki, na yayanku miliyan 2 ne, ba bakwai ba. In ƙanenku ko ɗaya wan naku da 'yan uwanki mata biyu sun yarda su bar nasu kason a cikin sana'ar, abin da ke gabanki shi ne yadda za a fitar mishi da biyun nan kawai. Kuma ba lallai daga rumfar za su fito ba. Inna ba ta bar ɗan kunne ko sarƙar gwal ba? Babu tumaki ko awaki da ta ba kiwo a ƙauye? Babu kuɗi a banki, babu adashen da za a kwaso, ga bashin masu odar biki? Sau da yawa in aka tattara waɗannan sai ki ga sun kusa cike kason mutum ɗaya, ya ɗauka da yardarsa, rumfa ta zauna wa sauran. Abin da ya rage a yi yarjejeniya ki dinga biyansa wata-wata daga ciniki har ya ƙare. Dan Allah kar ki je ki ci bashin ruwa, musamman irin na manhajojin waya ɗin nan, don ki biya shi a lokaci ɗaya, wannan shi zai kashe sana'ar da hannunki.

Ki fara duba takardar rumfar tukuna, ki tabbatar mallaka ce ta saya da filinta ko kuwa irin rumfar kasuwa ce da hukuma ke bayarwa ana biyan kuɗin shekara, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Sannan a kira mutum biyu ko uku da suka san farashin wurin, waɗanda ba su da alaƙa da ke ko da shi, su yi mata kuɗi tsakani da Allah, haka inji da firiza a yi musu kuɗin tsoho ba na sabo ba. In mallaka ce, shari'a ma ta ba ku wata dama da ake kira shuf'a, wato wanda yake tarayya a cikin fili ko gini da ba a raba ba ya fi bare cancantar sayen kason abokin tarayyarsa a kan kuɗin da aka saya. Kin ga addinin da ya ba shi haƙƙin neman rabo bai bar ki hannu rabbana ba.

Akwai abubuwa biyu da nake so ki shirya musu zuciyarki. Na farko, in Inna ta taɓa ce miki ai rumfar nan taki ce bayan raina, wannan magana wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince, kar ki riƙe ta a matsayin hujja ki yi ta faɗa a kanta. Amma abin da kika saya da kuɗinki na kanki, ko ta ba ki kyauta tana da lafiya kika karɓa ya koma hannunki, wannan naki ne, ki faɗa ki kawo shaida. Na biyu kuma shi ne cinikin wata biyar ɗin nan. Kin yi shi da jarin da ba naki ke kaɗai ba, na san ba da mugun nufi ba, kin buɗe ne don kar murhun ya mutu, amma ki zauna ki rubuta iya abin da za ki iya tunawa, nawa ke shiga a rana nawa ke fita, nawa aka ci a gida, ki kai musu da kanki tun kafin wani ya tambaya. A cire miki ladan aikinki, wannan haƙƙinki ne kar ki ji kunyar nema, sauran a zuba cikin gado. Shekara taran da kika yi kina tashin dare tare da ita ma ki faɗe su a zaman, ba da gori ba, ki ce ga abin da na yi ku duba min, 'yan uwa na kirki sukan sassauta wa irinki a farashi ko a lokacin biya. Amma ke da kanki kar ki yanka wa kanki komai a ɓoye.

Abin da ya sa nake matsa miki a yi rabon nan yanzu, na ga ƙarshen rashin yinsa a danginmu. Wata goggonmu mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli ce, da ta rasu sai aka ce kar a taɓa komai a bar shi yadda ta bari don girmama ta, kowa ya yi shiru don kar a ce shi ne mai kwaɗayi. Wadda ke riƙe da sana'ar tana ganin wahalarta ce, na nesa suna ganin ana cin haƙƙinsu, babu wanda ya furta. Shekaru suka tafi, biyu daga cikin magadan suka rasu, 'ya'yansu suka taso da maganar da zafin da iyayensu ba su taɓa yi ba. Ranar da na shiga gidan na ƙarshe injin yana nan a zaure an rufe shi da tsohon buhu ya yi tsatsa, kaji na kwana a kai, jikokinta kuma ko a gidan biki suka haɗu kowa gefensa yake zama. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don haka a yi zama. Ki nemi kawunku, ɗan uwan Inna, ko baffanku in shi yayan naku ya fi jin nauyinsa, a haɗa da limamin unguwa ko malamin da zai yi lissafin, kuma duk abin da aka cimma a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kar wani ya ce haba ai mu 'yan uwa ne sai ka ce ba a yarda da juna ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani gaba ɗaya a kan rubuta bashi ta sauka. In an kasa daidaitawa a gida, zuwa kotun shari'a don a raba gado ba tonon asiri ba ne, aikinsu ne kullum. In kuma sauran sun bar kasonsu a hannunki, daga ranar ki raba kuɗin sana'a da na aljihunki, asusu daban ko da na POS ne, ki yanka wa kanki albashi da saninsu, duk ƙarshen wata ki tura musu lissafi a gurup ɗin gida ko ba su tambaya ba. Nan gaba in abin ya zauna kina iya yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci.

Zai iya yiwuwa kuma a yi lissafin a ga ba zai ɗauku ba, sauran ma kowa na son kuɗinsa, dole a sayar. In haka ta faru ƙanwata ba a sake binne Inna ba. Mutanen da ke layi da safe ba bulo da kwano suke zuwa ci ba, hannu suke bi, kuma hannun yana jikinki. Sanin yawan dafaffiyar shinkafar da za a haɗa da ɗanya, sanin lokacin da ƙullu ya kai ta hanyar ƙamshinsa kawai, sanin wane kwastoma ne ke son mai sukari wane ne ke son ta da yaji da ƙuli ba miya, lambar wayar masu oda, yardar da mai shinkafa ya yi da gidanku, duk wannan babu alƙalin da zai kasa shi bakwai, Inna ta riga ta damƙa miki shi a shekara taran nan. Ki roƙi a sa miki tsohuwar tandarta da ludayinta a cikin kasonki, ki koma ƙofar gida inda ita ma ta fara da 'ya'ya biyar ƙanana ba miji ba inji ba firiza, ki ɗauki ko biyu daga cikin matan nan. Su ma ki sa su a cikin maganar da za ki yi wa yayanku, gida huɗu ne ke ci daga murhun nan bayan naku, ƙila bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Wani sahabi ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko akwai sauran biyayyar da zai yi wa iyayensa bayan sun rasu, ya ce mishi eh, yi musu addu'a, da nema musu gafara, da cika alƙawarinsu, da girmama abokansu, da sada zumuncin da ba ka da shi sai ta hanyarsu, hadisin yana cikin Abu Dawud. Ki duba na ƙarshen nan da kyau, yayanki yana cikinsa. Sa'adu bin Ubada kuma da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi, ya ce mishi ruwa, sai Sa'adu ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Ku ma in an gama rabo kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa daga kasonsa da son ransa ku yi mata wani abu mai ɗorewa, ko gyaran rijiya ko famfo a unguwa. In kuma tana da al'adar zuba wa almajirai masa ranar Juma'a kar ki bari ta yanke, ki ci gaba da yi daga naki da niyyar ladan ya kai mata.

Kukan asuba kuma ki bar shi ya zo, ba haramun ba ne, Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Lokacin da kike juya ƙullun nan lokaci ne na amsa addu'a, ki mayar da shi lokacin da kike yi mata. Sai dai in kin ga barci ya ƙaurace miki gaba ɗaya, ba kya cin abinci, kina ramewa, ko kin fara jin rayuwar ta fita a ranki, dan Allah ki je asibiti ki faɗa wa likita, kar ki ce ai haƙuri ne kawai. Kuma ki daina zama ke kaɗai a wannan lokacin, ki ce wa ɗaya daga cikin 'yan uwanki mata ta zo ta kwana biyu tare da ke. Ki samu littafi sabo ki fara rubuta abubuwan Inna tun ba ki manta ba, ma'aunin ƙullunta, maganganun da take yawan yi, shekarar da ta sayi rumfa da yadda ta tara kuɗin, don jikokin da ba su gan ta ba.

Yau ɗin nan bayan magariba ki kira shi. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki gaishe shi ki tambayi iyali, ki ce Yaya ka yi haƙuri da rashin ɗaga waya, zuciyata ce ba ta daɗi, na ji maganarka kuma na yarda a raba, amma ina roƙon mu fara biyan bashin Inna, sannan ina so ka ba ni dama in sayi kasonka kafin a kai wa bare. Ki ce mishi ya zo ranar Asabar da safe ya karya a rumfa, ki zuba mishi da hannunki irin yadda take zuba mishi, ki ajiye littafin a gefensa. In kun yi zaman ki sake rubuto min in ji nawa aka yi wa rumfar kuɗi da abin da sauran suka ce, sai mu duba yadda biyan wata-watan zai kasance. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haɗa kanku.